Shaf mai zoben ABS da maras shi: kurakuran da masu motocin shiga daji suka fi yi

Duk mai bin hanyoyin ƙauyukan Kaita, Mashi ko Mai'aduwa da Hilux ko Land Cruiser ya san cewa yashi da taɓon damina ƙafar mota suke fara ci tun kafin inji ya gaji. Da zarar shaf, wato sandar ƙarfen da ke juya taya, ya fara ƙara ko boris ya mutu, sai a garzaya wurin masu kayan gyara a cikin Katsina, kuma a nan ne akan tafka kuskure na farko.

A ido, shaf ɗin motar da ke da birkin ABS (na'urar da ke hana taya ƙamewa yayin taka birki) da na wadda ba ta da shi tamkar Hassan da Husaini ne, domin tsawonsu da kaurinsu sukan zo ɗaya. Abin da ya raba su wani zoben ƙarfe ne mai haƙora da ke kusa da mazaunin taya. Idan taya tana juyawa, haƙoran suna giftawa ta gaban wata ƙaramar sensa, ita kuma tana sanar da kwamfutar motar gudun tayar, ta yadda idan ta nemi ƙamewa yayin taka birki, na'urar za ta riƙa sakinta tana sake kamawa sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Wanda ya bi araha ya sayi shaf maras zobe zai ga ya shiga daram, mota ta tashi lafiya, amma fitilar ABS ta kama a gaban direba, na'urar kuma ta daina aiki, sai birki na gargajiya kawai ya rage. Maganin ba shi da wuya: a tafi kasuwa da tsohon shaf ɗin a hannu, a jera su, a ƙirga haƙoran zoben ɗaya bayan ɗaya, domin ko adadinsu ne ya bambanta, lissafin kwamfutar zai rikice. A motocin baya-bayan nan kuwa, zoben na maganaɗisu ne kuma a jikin boris yake, saboda haka idan makanike ya juya fuskarsa aka buga shi a baibai, sensa ba za ta ga komai ba.

Daga nan sai a ƙara wani kuskuren a kan na farko, wato a liƙe fitilar da baƙin salatif ko a cire ƙwanta. Sau tari ma laifin bai wuce busasshiyar laka da garin ƙarfe da suka taru a bakin sensa ba, ko wayar da kututture ya tsinka a hanyar gona, abin da wankewa ko ɗan haɗi zai magance.

Akwai kuma direbobin da suke zaton ABS zai fitar da su daga taɓo, alhali wannan aikin makullin aksul ne. Aksul na yau da kullum yana barin kowace taya ta yi gudunta domin mota ta sha kwana, shi ya sa idan ɗaya ta faɗa cikin santsi za ka ga tana ta wulwulawa tana watsa laka, 'yar uwarta da ke kan tsandauri kuwa ko motsi. Makullin yana ɗaure su su juya tare. Sai an tsaya ake saka shi, ba lokacin da taya take wulwulawa ba, in ba haka ba haƙoran ciki ne za su ji a jikinsu. Toyota tana gargaɗin kada a wuce kilomita 8 a awa yana kulle, kuma a sake shi kafin a hau kwalta. A yawancin motocinta, saka makullin baya yakan kashe ABS ya kunna fitilarsa, wannan kuwa ba lalacewa ba ce.

Saura batun taka birki. Tun da Bosch da Mercedes-Benz suka fito da nau'in wannan na'ura na zamani a 1978, amfaninta ya fi bayyana a kan kwalta, musamman jiƙaƙƙiya. A cikin yashi ko tsakuwa, tayar da ta ƙame takan tara ƙasa a gabanta ta tsaya da wuri, ABS kuwa ba ya barinta ta ƙame, don haka mota tana iya ƙara tafiya kafin ta tsaya, ko da yake sitiyari yana nan a hannun direba. Sai a rage gudu tun daga nesa, a bar tazara mai yawa. Idan kuma birkin ya fara karkarwa a ƙarƙashin ƙafa, na'urar ce take aikinta, kada a ɗaga ƙafa ko a riƙa famfo, a danne shi har motar ta tsaya.