Yadda ake rage wa RAM mai gudu wutarta da saurinta

Lambar gudun da ke jikin kwalin RAM (ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a cikinta), kamar DDR4-3600 ko DDR5-6000, ba dole ba ce. Matakin da kamfani ya gwada ne ya ga sandar RAM ɗin za ta iya ɗauka, kuma galibi sai an ƙara mata wuta take kaiwa can. Ma'aunin asali da ƙungiyar JEDEC, mai tsara ƙa'idojin RAM, ta gindaya shi ne bolt 1.2 ga DDR4, da bolt 1.1 ga DDR5, amma yawancin sanduna masu gudu bolt 1.35 suke sha, wasu har 1.4. Dokin da ya iya sukuwa ba ya kasa tafiya. RAM ɗin da aka yi don 3600 za ta zauna lafiya lau a 3200 ko 2666, da wutar da ba ta kai waccan ba.

Dalilan ja mata linzami suna da yawa: ƙaramin akwatin da iska ba ta ratsa shi, kwamfutar da ke kwana a kunne, ko sanduna huɗu da suka yi wa furosesa nauyi. AMD da kanta, a kan furosesoshinta na Ryzen 7000, gudun 5200 ta lamunta wa sanduna biyu, amma idan huɗu ne sai ta sauko zuwa 3600. Ni shuɗin allon nan da Windows ke nunawa idan ta faɗi ne ya kai ni ga wannan aiki. Kwamfutata takan mutu duk bayan kwana biyu ko uku, na yi ta zargin Windows, har ranar da wani fayil da na matse da hannuna ya ƙi buɗuwa washegari. Kada dai ka sa ran ragin kuɗin lantarki, domin sanda ɗaya wat kaɗan take ci. Sauka daga 1.35 zuwa 1.2 kan rage wajen kashi 20 cikin ɗari na wannan ɗan abin. Ribar gaske ita ce sanyi da kwanciyar hankali.

Fara da sanin abin da ke hannunka. Buɗe manhajar CPU-Z ka shiga shafin SPD. Za ka ga jerin matakan da aka rubuta a cikin sandar, na JEDEC da na XMP ko EXPO (wato saitin ƙarin gudu da kamfani ya shirya), kowanne da gudunsa da jinkirinsa da wutarsa. Idan ka ga 1800 a wajen da kake tsammanin 3600, ba matsala ba ce, rabin lambar take nunawa domin DDR sau biyu take aika bayani a kowane bugu. Ɗauki hoton shafin da waya.

Kafin ka taɓa komai, nemo yadda ake mayar da BIOS ɗin madabod ɗinka, wato shafin saitin babban allon da ke ɗauke da furosesa da RAM, yadda ya zo. Wani yana da maɓalli a baya, wani ƙusoshi biyu ne da aka rubuta CLR_CMOS kusa da su, wani kuma sai ka zare wuta ka cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, na 'yan mintuna. Ka san wannan tun allo yana da haske, ba sai ya yi baƙi ba.

Sai ka sake kunna kwamfutar kana danna Del ko F2 don shiga BIOS. Hanya mafi sauƙi ita ce ka kashe XMP, ko EXPO, ko DOCP a wasu madabod na ASUS. RAM ɗin za ta koma matakin JEDEC da kanta, galibi 2133 zuwa 2666 a DDR4, 4800 a yawancin DDR5. Danna F10 don ajiye canjin, shi ke nan. Ga kwamfutar ajiyar fayiloli wannan ya wadatar. Amma idan kana wasanni, musamman in furosesarka ce ke zana hoto ba wani kati daban ba, za ka ji saukar a jikinka. Tsaka-tsaki ya fi.

A nan ne ake buƙatar ɗan lissafi, kuma a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Lambar CL, wadda ke nuna jinkirin sandar kafin ta amsa, ba lokaci ba ce, adadin bugu ce. Don ka san ainihin jinkirin, ninka CL da 2000, ka raba da gudun. Sandar 3600 mai CL18 tana amsawa cikin nanosakan 10. Idan ka sauke ta zuwa 3200 ka kuma matse CL zuwa 16, nanosakan 10 ɗin ne dai, wato ba ka sassauta mata komai ba ta wannan fuskar, kuma da wuya ta yarda ka janye mata wuta. Amma ka bar CL18 a 3200, ya zama 11.25, ta sami wurin numfashi. Dubi abin da JEDEC ta yi da 3200 a bolt 1.2: yawancin irin waɗannan sanduna CL22 ne, wato 13.75. Tsakanin 10 da 13.75 ɗin nan filinka yake.

To, kunna XMP don lambobin jinkiri su shigo, sannan ka je wurin da aka rubuta DRAM Frequency ka sauke gudun da hannu. Ajiye, ka tabbatar ta tashi. Daga nan ka koma DRAM Voltage ka riƙa ragewa sannu sannu: 1.35 zuwa 1.32, zuwa 1.30, zuwa 1.27. Abu ɗaya a kowane zagaye, kana rubutawa a takarda. Idan ta cije, ko dai ka ƙara CL da ɗaya ko biyu, ko ka koma matakin baya. Ban ga amfanin sauka ƙasa da ma'aunin JEDEC ba.

DDR5 tana da nata hali. Na'urar daidaita wutarta a jikin sandar take, kuma lambobi biyu za ka gani, VDD da VDDQ, sai ka sauke su tare. Bayan kowane canji allo kan yi baƙi na minti ɗaya ko fiye yayin da madabod ke gwada sabon saitin. Yi haƙuri, kada ka kashe ta a tsakiya.

Akwai wata wutar da ake mantawa da ita, ta sashen furosesa da ke kula da RAM: SoC a AMD, VCCSA a Intel. Kunna XMP kan sa madabod ya ɗaga ta da kansa, kuma ba lallai ya sauke ta ba don ka rage gudu. Ba ƙaramin abu ba ne. A 2023 wasu furosesoshin Ryzen 7000X3D sun ƙone, har AMD ta ƙayyade wutar SoC a bolt 1.3 ta hanyar sabon BIOS. Duba lambar a manhajar HWiNFO. Idan ta tsaya a sama, kashe XMP ka shigar da gudu da jinkiri da hannunka daga hoton da ka ɗauka.

Saura gwaji, wanda shi ne rabin aikin. Ƙarancin wuta ba ya ƙona RAM, amma yana sa ta juya sifili ya zama ɗaya ba tare da ta faɗa maka ba, irin abin da ya cinye min fayil. Tashin Windows ba shaida ba ce. Saka manhajar gwajin RAM mai suna MemTest86 a filashi, ka tayar da kwamfutar daga nan, ka bar shi ya kammala zagaye huɗu. Sannan cikin Windows ka sa manhajar gwaji ta TestMem5 ko OCCT na wasu awanni, akwati a rufe kamar kullum, domin wasu kurakuran sai sanduna sun ɗau zafi suke fitowa. Kuskure ɗaya tak ya isa ka koma baya. Ko ta tsallake, ni nakan ƙara 0.01 ko 0.02 a kan mafi ƙarancin da ya yi aiki, kuma nakan kashe ta gaba ɗaya in kunna da safe tana sanyi, don akwai saitin da ke wuce gwajin dare ya ƙi tashi da asuba.

Idan komai ya zauna, ajiye saitin da suna a cikin BIOS, kuma ka adana takardar nan, domin sabunta BIOS kan share duk abin da ka shigar.