Yadda ake zama da ɗan mitsitsin karen teriye a gida ba tare da ya haukata ka ba

Wani abokin aikina ne da ya gama kwantaragi zai koma ƙasarsu ya bar mini shi. Ɗan kare fari mai ja-ja a kunne, daga ƙasa zuwa kafaɗa bai wuce santimeta 30 ba, nauyi kilo 6 da ƴan kai. Na ce wannan ai ko muzuru ya fi shi cika ido, mi zai gagara. To kwana uku kacal ya yi a gidanmu nan Garin Malam ya tone gindin randa har ta karkace, ya kwashe takalman mutanen gida ya tara bayan madafa, ƙadangaru kuwa duk suka koma saman katanga suna leƙe. Yara suka sa mishi suna Barkono. Mai ɗakina ta ce wallahi karen nan iska gare shi, a maida shi inda ya fito, ni kuma inda ya fito ɗin ya riga ya hau jirgi. Shekara biyu kenan muna tare, ga abin da na bi har muka samu lafiya.

Mataki na farko, ka san mi ka kawo gidanka. Sunan teriye daga kalmar Turawa mai nufin ƙasar da ake takawa ya samo asali, wato kare mai shiga rami. Irin namu ana ce mishi Jak Rasel, sunan wani limamin coci ne na yankin Debon a Ingila, Jon Rasel, mutum mai son farauta, wanda a 1819 yana karatu a Oksfod ya sayi wata ƴar karya fara ya fara kiwon irin da ita. Aikin da ake so su yi shi ne in yanyawar ƙasarsu ta shige rami, ɗan karen ya kutsa ya bi ta yana haushi har ta fito. Akwai ɗan uwansa na Yokshaya mai dogon gashi wanda kilo 3 ne da kaɗan, shi kuma ɓeraye aka yi shi ya kama a masaƙu. Ka duba fa: tono, haushi, bin duk abin da ya motsa, da yin gaban kai cikin rami inda ba mai ba shi oda. Duk abin da muke kira iskanci a tsakar gida shi aka kwashe shekara kusan 200 ana zaɓa a jininsu, barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In kana neman karen da zai kwanta bakin ƙofa yini guda yana gadi, nemi namu na gida, ya fi ka kwanciyar hankali. Haka in gidanka ba kowa tun safe har dare, dan Allah kar ka ɗauki wannan.

Na biyu, kuma shi ne uwa uba, ka gajiyar da shi kafin ya gajiyar da kai. Awa guda a rana ita ce mafi ƙaranci, ni raba ta nake biyu. Ana sallame asuba in na dawo masallaci sai in sa mishi igiya mu fita, mu yi wajen duwatsu inda ba mutane sosai, kafin ƙarfe 7 mun dawo. Sauran kuma sai la'asar sakaliya. Kar ka kuskura ka fitar da shi da rana tsaka a Afrilu ko Mayu lokacin da zafin Damagaram yake haura digiri 40, kare ba ya zufa kamar mu, da haki yake huce jikinsa, ga shi ɗan guntu cikinsa dab da rairayi mai zafi. Kafin ku fita ka ɗora bayan hannunka kan ƙasa ko kan gudro, in ba ka iya jurewa ba shi ma tafin ƙafarsa ba zai iya ba. In ka ga harshe ya zubo yana dalala yana tangaɗi, maza inuwa, ka jiƙa mishi ciki da ƙafafu da ruwan randa, ka nemi likitan dabbobi.

Tafiya kawai ba ta isar shi. Ka ƙulla tsohon tsumma ya zama kamar balo ka dinga jefawa yana kawowa, sau ashirin sau talatin, kai ne za ka fara cewa na tuba. Sannan akwai wani abu da zai yi wanda ranar farko sai da tsohuwata ta kama salati: haka kawai da yamma ko bayan an yi mishi wanka sai ya tsuke gindi ya kwasa da gudu yana zagaya tsakar gida, ya bi ta ƙarƙashin gado ya haure turmi ya dawo, ido waje, minti biyu sai ya zube kamar ba shi ba. Wannan ba ciwo ba ne, ƙarfin da ya taru ne yake zubarwa. Ka dai janye yara ƙanana da murhu daga hanya ka ƙyale shi.

Na uku, tono. Nan na fi shan wuya don na ɗauki wata biyu ina tsawa ina cike ramuka, in cike da safe ya buɗe da hantsi. Sai da na zauna na lura da inda yake tonawa. Gindin randa, bakin makwarara, ƙarƙashin bishiyar dalbejiya inda ake alwala, duk wurare masu damshi, ashe da zafi sanyi yake nema ya shimfiɗa cikinsa. Sauran ramukan kuma gefen rumbu ne inda yake jin ɓera. Abin da na yi, na ware mishi kusurwa ɗaya a inuwa kamar taku biyu-biyu, na jera birgi huɗu-huɗu kewaye, na zuba rairayi baro uku. Kullum da safe ruwan da aka yi ɗauraya da shi marar omo sai a kwara a wurin, mu nan garin ba mai zubar da ruwan garuwa don kare. Sai in binne ɗan tsummansa ko guntun nama a gabansa yana kallo, in ya tono in yaba mishi sosai kamar ya ci jarabawa. Duk lokacin da na kama shi yana tono wani wuri ba na duka, in ce "a'a" sau ɗaya in ɗauke shi cak in dire cikin raminsa. Sati biyu ya gane. Gindin randa kuwa na shafe da siminti, gardama ta ƙare.

Ka kuma zagaya gindin katangarka musamman in ta laka ce. Bayan ruwan Agusta ƙasa ta yi taushi, dare ɗaya ya ishe shi ya ɓulla gidan maƙwabta. Ka jera duwatsu a gindin, su kam ba tsada suke ba a garin nan. Tsalle ma haka, abin da ka ga ɗan guntu yana iya kai maka ƙirji daga tsaye, don haka kar ka bar tanno ko tarin itace jikin katanga ya zama mishi tsani.

Na huɗu, kaji. Gaskiya ɗaya ce, ba za ka koya mishi son kaza ba, raba su kawai za ka yi. Ni da tsada na koyi wannan. Wata ranar Alhamis na tafi kasuwar Dole, yaro ya bar ƙofa a buɗe, ƴan tsakin maƙwabciyarmu suka shigo kiwo. Ina dawowa na tarar da ita zaune a zaure da ƴan tsaki uku a kan faifai.

"Ina wuni Hajiya, lafiya dai?"

"Lafiya lau ɗan nan. Ga aikin baƙonka na kawo ka gani."

"Subhanallahi. Ki yi haƙuri Inna, laifina ne, a faɗi abin da za a biya."

"Ni ba kuɗi na zo karɓa ba. Yau tsaki ne, gobe fa in jikana ya shigo?"

Maganarta ta fi biyan kuɗin zafi. Na dai aika mata da kaza washegari, na kuma sa aka yi wa ƙofar tsakar gida ƙaramin ƙyaure na biyu mai sakata daga sama inda yaro ba ya kai. Kajinmu suna cikin akurki mai waya, ana sakinsu ne kawai lokacin da muka fita yawo da shi. A waje kuwa igiya ba ta barin wuyansa ko da ya iya amsa kira, don da ya hango zabuwa ko ɗan akuya ya ruga to kunnensa ya toshe, ko sunan kakansa ka kira ba zai waiwayo ba, ga ƴan kabu-kabu ba sa taka birki don kare.

Za ka ga in ya kama tsumma yana girgiza kai da ƙarfi hagu da dama yana gurnani. Haka suke karya wuyan ɓera, kuma haka ya yi wa tsakin Hajiya. Ka bar shi ya yi da tsumma, yana rage mishi ƙaiƙayin abin. Amfaninsa ɗaya da ba zan ɓoye ba, tun zuwansa ɓera bai sake taɓa mana buhun hatsi ba. Sai dai daga ranar da ka kawo shi ka daina sa maganin ɓera a gidan kwata-kwata, ko bai ci maganin ba yana iya cin ɓeran da ya ci.

Na biyar, haushi da horo. Namu da Faransanci aka fara koya mishi, in ka ce zauna sai ya karkata kai yana kallonka kamar kai ne ba ka da hankali. Muka zauna da mutanen gida muka tsaida kalmomi huɗu: zo, zauna, bari, shiru. Kowa su zai faɗa, kar wannan ya ce "kai", wancan ya ce "tafi can", waccan ta jefo muciya. Horon minti biyar ne sau biyu a rana, in ya wuce haka hankalinsa ya koma kan ƙadangare. Ka riƙe ƴan gutsattsarin dafaffen nama ko hanta marar yaji kamar ƙwayar wake, yana yin abin da ka ce ka ba shi nan take, in ka yi jinkiri bai san ladar mi ya ci ba. Na shiru kuwa, in aka yi sallama ya fara, ka bari ya yi biyu uku tunda aikinsa ne, sai ka kai naman bakin hancinsa, ba ya iya shinshina da haushi lokaci guda, yana tsagaitawa ka ce "shiru" ka ba shi. In kana daka mishi tsawa shi a ganinsa taya shi kake. Duka kuma ba ya yi wa irin nan komi sai ƙara taurin kai, wani ma ya fara cizo.

Na shida, iyaka a cikin gida. Malamai sun yi bayani kan ajiye kare don farauta ko kiwo ko tsaron gona, da wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki, ka tambayi malaminka kan halin gidanka. Mu dai namu tsarin, ba ya shiga ɗaki, ba ya zuwa inda ake shimfiɗa tabarmar salla, kwanonsa biyu daban na ci da na sha kuma ba a haɗa su da na gida wajen wanki. Tun ranar farko za ka kafa wannan don in ka bar shi ya hau katifa sau ɗaya ya ga wurin kwana. Da hunturu suna son kutsawa ƙarƙashin abu su dunƙule, halin ramin nan ne dai, sai na sa mishi kwali da tsohon bargo a rumfa, da safe hanci kawai za ka gani. Takalmi kuwa Hausawa sun riga sun gama magana, in ka ga kare yana shinshina takalmi ɗauka zai yi. Warin ƙafarka yake so. Mun kafa ƙusa a bango muna rataye su cikin buhu, baƙi ne kawai har yanzu suke fita da ƙafa ɗaya suna cigiya.

Na bakwai, lafiyarsa da taku. Allurar ciwon haukan kare wajibi ce, ana fara ta yana kamar wata 3, a dinga sabuntawa yadda likitan dabbobi ya rubuta a karne, wato ɗan littafin allurarsa, ka adana karnen nan kamar takardar gida don ranar da ya yaƙushi ɗan wani ita za a fara tambaya. In ya ciji mutum a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15 a tafi likita, kar a tsaya shafa toka. Kullum kun dawo yawo ka duba tsakanin yatsunsa da cikin kunne, ƙarangiya da kaska nan suke maƙalewa. Abinci kuma ban da albasa da tafarnuwa, wato ragowar miyarmu da kilishi mai yaji ba nasa ba ne, ban da shokola, ban da goro da ganyen shayi, ban da ƙashin kaza dafaffe don tsagewa yake ya soke hanji. Ni tuwo ko shinkafa nake ɗebar mishi kafin a sa miya in haɗa da nama ko ƙwai dafaffe. Suna kai shekara 13 zuwa 16 in an kula, ka san doguwar tafiya ka ɗauko.

Abu ɗaya ne na kasa raba shi da shi har yau. In ya gama bayan gida sai ya juya ya dinga shurin ƙasa da ƙafafun baya, ƙura tana tashi, da can na ɗauka rufewa yake ashe warin tafin ƙafarsa yake bari don sauran karnuka su san ya wuce. Jiya ma ya yi shi daidai inda mai ɗakina ta shanya kuɓewa, yau da safe na sayo mata wata tiya.