Yadda Ake Tara Kalmomin Turanci Su Zauna a Ka

Abin da ya fi damuna a aji shi ne in ga ɗalibi ya haddace kalmomi ɗari daga ƙamus, amma da na ce ya saka guda ɗaya a jimla sai ya yi tsuru-tsuru. Kalma ba ta zama taka sai ka san ma'anarta, inda ake sa ta, da kishiyarta.

Da farko ka ware littafi guda don wannan aiki kawai. Kalmomi biyar a rana sun isa. Ka tsinto su daga jarida ko labaran rediyo, ka rubuta kowace tare da jimlar da ka same ta a ciki.

Sai ka duba ƙamus, amma kada ka tsaya a kan ma'anar farko. Karanta duka, ka zaɓi wadda ta dace da jimlarka, ka rubuta ta a gefen kalmar.

Mataki na uku nan ne mu Hausawa muka fi tuntuɓe. A wurinmu "aro" ɗaya ne: na ari biro, ara mini biro. Bature kuwa ya raba shi biyu, borrow na mai karɓa, lend na mai bayarwa. Shi ya sa "borrow me your pen" da yaranmu suke faɗa kuskure ne, "lend me your pen" ake cewa. Haka "ji": da shi muke jin magana, mu ji wari, mu ji sanyi, amma a Turanci hear daban, smell daban, feel daban. Don haka kowace kalma ka ƙirƙira mata jimla taka, a kan gidanku ko kasuwarku, ka faɗe ta da baki.

Daga nan sai kishiya, kuma jimla ce ke nuna ta. Idan light na nufin marar nauyi, kishiyarta heavy ce. Idan haske ake nufi, dark ce. Old ma haka take, kamar dai "tsoho" a Hausa: tsohuwar riga kishiyarta sabuwa, new, dattijo kuwa kishiyarsa matashi, young. Mai shirin WAEC, NECO ko JAMB ya riƙe wannan da kyau, domin irin waɗannan tambayoyi ba sa rasa fitowa.

Ɗafa-goshi, wato ɗan ƙarin da ake liƙawa a farkon kalma, kamar un, dis da im, na saurin ba ka kishiya: happy da unhappy, possible da impossible. Sai dai akwai tarko. Invaluable na nufin abu mai matuƙar daraja, ba marar daraja ba. Inflammable da ake rubutawa a jikin tankar mai kuwa gargaɗi ne cewa abin na saurin kama wuta.

Washegari ka rufe gefen ma'ana da tafin hannunka, ka gwada tuno su. Ka maimaita bayan kwana uku, sannan bayan mako guda. Wadda ta kufce maka, ka mayar da ita cikin biyar ɗin gobe.