Yadda zaki zabi littafin girkin kayan lambu ba tare da kin yi asarar kudinki ba

Kar hoton bango ya rude ki, bude tsakiyar littafin ki karanta girki biyu ko uku tukuna. In kayan hadin duk sai an wahala kafin a samo su toh ajiye shi kawai, ba zaki taba amfani dashi ba.

Sannan ki duba ina furotin din yake, tunda babu nama dole kiga wake, waken soya, gyada ko kwai suna yawo a ciki, in ba haka ba wallahi yunwa ce zata dinga damun mutanen gidan. Wasu littattafan ma ko madara da kwai basa sakawa, irin wannan cin kam sai an nemi karin bitamin B12 daban. Wanda ya rubuta awo da minti nawa abu zai dahu yafi saukin bi.