Yadda ake ɗaukar hoton CT (hoton cikin jiki yanka-yanka) na jijiyoyin jinin huhu ba tare da an maimaita ba

Yawancin hotunan jijiyoyin huhu da ke lalacewa, numfashi ne ke lalata su. Sabon ma'aikaci yakan ce wa majiyyaci "ja numfashi sosai ka riƙe", kamar yadda ya saba a hoton ƙirji, shi ke nan aiki ya ɓaci. Abin da likita ke nema gudan jini ne da ya toshe jijiya, kuma ba ya fitowa sai ruwan aidin, wanda ake turawa ta jijiyar hannu don jijiyoyi su yi haske a hoto, ya cika jijiyar fal lokacin da gadon majiyyaci ke wucewa ta cikin na'urar.

Fara da gwajin ƙoda. Idan eGFR, wato ma'aunin aikin ƙoda, bai kai 30 ba, dakata ka tuntuɓi likita. Tambayi majiyyaci ko ruwan aidin ya taɓa ba shi matsala, ko yana shan metformin (maganin ciwon sukari), in mace ce ko tana da juna biyu.

Sa kanula, wato siririn bututun da ake sakawa a jijiya, lamba 18 ko 20, a lanƙwasar hannun dama. Ni ban yarda da ta bayan hannu ba, domin mililita 4 zuwa 5 za a tura kowane sakan, ƙaramar jijiya kuwa fashewa take yi. Gwada ta da ruwan gishiri, sannan ya ɗaga hannuwa sama da kai.

Yanzu numfashi. Idan mutum ya ja iska da ƙarfi, ƙirjinsa yakan zuƙo jini daga babbar jijiyar ciki, wanda babu aidin a cikinsa, ya shiga zuciya ya tsinka ruwan. Idan kuma ya rufe baki ya yi yunƙuri, ruwan da ke tahowa daga hannu ne zai tsaya. Ko ta wace hanya, jijiyar huhu takan fito dishi-dishi, har a ɗauka gudan jini ne alhali babu. Don haka ka tsaya kusa da shi ka ce: "Baba, in ka ji murya, ka tsayar da numfashi a inda yake, baki a ɗan buɗe, kada ka ja, kada ka yi nishi." Ku gwada tare sau biyu, hannunka a kan cikinsa, ka ji ko ya ƙage. Ka gaya masa zai ji ɗumi a jiki, har kamar fitsari ya kufce masa. Wanda ba a gaya wa ba yakan firgita ya ja iska daidai lokacin da bai kamata ba. Minti biyun nan sun fi arha a kan ƙara masa ruwa da tururin X-ray na na'ura karo na biyu.

Ɗora da'irar sa ido, wadda na'ura ke gane isowar ruwan aidin da ita, a tsakiyar babbar jijiyar huhu, daidai inda bututun iska ya rabu biyu, ka saita ta ta fara ɗaukar hoto a 100 HU (ma'aunin haske a hoton CT). Siririn mutum 100 kVp (ƙarfin wutar na'ura) ya ishe shi, aidin ma ya fi haske a haka. Bi bayan ruwan da mililita 30 zuwa 40 na ruwan gishiri. Kada majiyyaci ya sauko daga gado sai ka auna jijiyar ka ga ta haura 200 HU.

In hanyoyin iska ake tuhuma, ba a buƙatar aidin: hoto ɗaya majiyyaci ya cika ƙirji da iska, ɗaya ya fitar da ita duka. Bangon bayan bututun iska zai lotsa gaba idan ya fitar da gaske. A hoton jijiyoyin kuwa, kaurin kowane yanka milimita 1, ka tura wa likita tagar huhu da ta jijiyoyi tare, wato saitin hasken da ke nuna kowanne.