Yadda ake duba bawul ɗin PCV na mota: a wanke shi ne ko a sayi sabo?

Kwanakin baya wani maƙocina ya zo min hankali a tashe, wai Corolla ɗinsa tana shan baƙin mai, kowane sati biyu sai ya ƙara, ga gefen marfin kan inji duk ya jiƙe da mai ƙura ta manne a jiki, ya je gareji an ce masa ringi ne ya mutu sai an sauke inji. Na ce to kafin a kwance maka inji bari mu ciro wani ɗan abu da bai fi babban yatsa ba mu gani. Muka ciro, na kai kusa da kunnensa na girgiza, shiru kake ji, cikinsa ya daskare da wani baƙin datti kamar kwalta. Wannan ɗan abun shi ne bawul ɗin PCV, kuma wallahi da yawan masu mota ba su ma san akwai shi ba.

Aikinsa ba wani mai wuyar ganewa ba ne. Duk sanda fetur ya kama wuta a saman fistan, wani ɗan hayaƙi yana sulalewa ta gefen ringi ya gangara ƙasa inda baƙin mai yake kwance, ko da injin sabo ne dal. Hayaƙin nan yana ɗauke da tururin ruwa da fetur ɗin da bai ƙone ba, in ya rasa mafita sai ya dinga turo mai ta gasket da sil, ya kuma ɓata man ya koma taɓo. Motocin da can wani bututu kawai ake leƙawa ƙasa hayaƙin ya fita titi, sai da jihar Kaliforniya ta Amurka ta fara tilasta wannan tsarin a motocin 1961 saboda gurɓatar iska, daga nan ya bazu ko'ina. Yanzu hayaƙin ana mayar da shi ne manifol, wato bututun da iska ke bi ta shiga inji, injin ya sake ƙone shi, shi kuma bawul ɗin shi ne mai gadin ƙofar. A cikinsa akwai ɗan ƙarfe da sifirin, in mota tana sulo zuƙar manifol tana da ƙarfi sai ya matse hanya, in ka taka wuta sai ya ƙara buɗewa.

Hanya biyu yake lalacewa kuma alamarsu daban. In ya toshe: yoyon mai, mai a cikin akwatin filtar iska, taɓo a ƙasan marfin da ake zuba mai. In kuma ya maƙale a buɗe: mota tana karkarwa a sulo ko sulon ya hau sama, tana shan baƙin mai, wani lokacin shuɗin hayaƙi ta salansa, fitilar cek injin ta kama, in an sa kwamfuta sau da yawa P0171 za ta nuna, wato iska ta yi wa fetur yawa.

Da farko ka bari injin ya huce, kar ka yi gaggawa ka ƙone hannu a banza. Buɗe bonet ka nemi tiyon roba mai kaurin yatsa da ya taso daga marfin kan inji ya tafi manifol, a bakin tiyon nan za ka same shi. A Corolla mai injin 1ZZ da Camry mai 2AZ ɗaura shi ake yi kamar noti, sai da sifana. A tsofaffin motoci da yawa kuma cusa shi kawai ake yi cikin wata zoben roba, da hannu ma ana zare shi.

Sai ka matse kilif ɗin da filaya ka ja shi baya, sannan ka murza tiyon hagu da dama kafin ka ja. Kar ka fizga! Zafin inji da zafin garinmu sun riga sun busar da robar, tana iya tsagewa a hannunka, ita ma zoben robar in ta bushe takan karye gutsuren ya faɗa cikin inji, wannan kuma wani aikin ne daban.

In ya fito ka girgiza shi. Mai lafiya za ka ji ƙas-ƙas-ƙas tsaf, wanda ya toshe ko shiru ko wani sauti mai nauyi kamar abu na motsi cikin kunu. Amma ga inda mutane suke ruɗuwa, ƙarar nan ba ta nufin lafiyarsa ƙalau, tana nufin ƙarfen bai maƙale ba ne kawai, sifirin ɗin na iya yin laushi ya gaji kuma zai yi ta ƙara abinsa. Don haka ka ƙara gwaji na biyu, mayar da shi bakin tiyo ba tare da ka ɗaura shi a inji ba, tada mota, sa yatsa a ɗaya bakin. Ya kamata ka ji yana zuƙar yatsanka da ƙarfi, ka kuma ji ɗan ƙas a ciki. In babu zuƙa ko kaɗan to ko bawul ɗin ne ya toshe ko tiyon, cire bawul ɗin ka taɓa bakin tiyon kaɗai za ka gane wanne ne.

Wankewa kuwa ga yadda take. Ka samo abin fesawar nan na gwangwani da ake wanke kafireto da shi, ka fesa ta baki ɗaya ka toshe da yatsa ka girgiza ka zubar, ka sake, ka yi ta yi har ruwan da ke fita ya daina baƙi ƙarar kuma ta dawo garau. A fili za ka yi, nesa da wuta da masu shan taba, ka kuma kawar da fuska don yana fantsamowa ido. Kar ka zura waya ko ƙusa kana sakace cikinsa, sifirin ɗin za ka lanƙwasa. Ka ajiye shi ya bushe sarai. Shi ma tiyon ka fesa masa, ka lanƙwasa shi ka duba ko akwai tsaga, in ya yi laushi yana lotsewa ko ya ƙage kamar itace canza shi kawai.

To a wanke ko a canza? Ni dai ra'ayina, wanki na ranar da kake nesa da kasuwa ne, ko kuma kana son ka tabbatar shi ne matsalar kafin ka kashe kuɗi. Datti kawai wanki yake cirewa, ba ya dawo wa sifirin da ƙarfinsa, kuma abin nan yana cikin mafi arahar kayan inji. In motar ta sha tafiya kuma ba ka san ranar da aka taɓa canza shi ba, kamar yawancin tokumbo ɗinmu, sayi sabo ka huta. Sai dai ka tafi da tsohon a hannu ko lambarsa, ko Ƙofar Ruwa za ka a Kano ko Panteka a Kaduna, don biyu suna iya kama da juna a ido amma ƙarfin sifirin ɗinsu ba ɗaya ba, kowane inji da nasa. Na Beljiyam kuma a wannan kayan ban ga amfaninsa ba, tsohon wani ne ka saya. In jabu kaɗai ka samu a kasuwa, gara ka wanke orijinal ɗinka ka mayar kafin ka samu na kirki.

Akwai kuma waɗanda ba a wanke su sam. Volkswagen da Audi masu injin 2.0 TSI, da BMW da dama, nasu ba mai ƙas-ƙas ba ne, wata fatar roba ce mai faɗi a cikin akwatin leda, a wasu ma haɗe yake da marfin kan injin gaba ɗaya. In fatar ta yage za ka ji inji yana fito kamar usur, in ka zo buɗe marfin mai a sulo sai ka ji kamar ana riƙe shi ta ciki. Wannan ba datti ba ne yagewa ce, in ka fesa masa abin wanki ma ƙara cinye robar zai yi.

Wajen mayarwa, ka fara ɗaurawa da hannu ka ji ya hau daidai sannan ka sa sifana, kuma kar ka danne da ƙarfin tsiya, zaren marfin yana saurin cinyewa. Mayar da tiyo da kilif, goge duk man da ke jikin inji tas don ka gane in sabon yoyo ya fito, tada mota ka saurari sulo. In ka tarar da taɓo sosai to ka juye baƙin mai da filta a lokaci ɗaya, in ba haka ba sabon ma toshewa zai yi, musamman motar da kullum gajeriyar tafiya take yi cikin gosulo.

Shi maƙocin nawa sabo muka sa, aka canza gasket ɗin marfi don ya riga ya buɗe, bawul ba ya ɗinke gasket ɗin da ya mutu. Na ce masa ya dinga zaro sandar awon mai duk safiyar Juma'a na wata guda yana dubawa. In man ya ci gaba da sauka, ko ya buɗe marfin mai a sulo ya ga hayaƙi na bugowa fuf-fuf da ƙarfi duk da sabon bawul, to a nan ne zai koma wajen bakanike, kuma ya ce a fara auna kwamfireshan, wato ƙarfin matsin iskar da fistan ke yi, kafin kowa ya taɓa noti ɗaya.