Yadda za a kula da ɗan ƙwallon da mura da tari suka kama a lokacin hunturu

Daga Disamba zuwa Fabrairu, masu fita atisaye da sassafe a filin wasa na Giginya da filayen unguwannin Sakkwato suna shaƙar ƙura da busasshiyar iska, shi ya sa mura ke yawaita.

Da farko, mai horarwa ya duba inda ciwon ya tsaya. Idan yoyon hanci ne da atishawa kawai, ɗan wasa yana iya motsa jiki kaɗan, amma idan akwai zazzaɓi, ko ciwon jiki, ko tarin ya sauka ƙirji, to ya huta gaba ɗaya, domin gudu da zazzaɓi yana wahalar da zuciya.

Na biyu, ɗan wasan ya yawaita shan ruwan ɗumi da zuma da lemun tsami, ya kuma kurkure maƙogwaro da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi.

Na uku, baligi yana iya shan parasitamol, kada ya wuce giram 4 a yini. Magungunan kashe ƙwayoyin bakteriya ba sa maganin mura, ko da yake wasu ba sa jin wannan magana. A guji maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta haramta a 2018.

Kada ya sha ruwa a gora ɗaya da abokan wasa.

Idan tarin ya kai mako 2, ko numfashi yana sarƙewa, ko an ga jini a majina, a kai shi asibiti a yi masa gwajin tarin fuka.